Kuɗin Keke a Cikin Asusu

Ni ne na ɗauki akuyar a kan mashin ɗina na kai ta kasuwar Wudil. Gara in faɗi wannan tun da farko, don na lura duk sa'ad da nake ba da labarin nan da baki sai in zame in ce "aka sayar da akuyar", kamar wani ne ya sayar ni kuwa ina gefe ina kallo.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a wani ƙauye tsakanin Wudil da Darki, can ciki, inda sai ka sauka daga kwalta ka bi burji har ƙugunka ya fara ƙorafi. Daga Sabon Garin Wudil nake zuwa kullum. 'Yan aji biyar aka ba ni. A rajista yara sun kai arba'in, amma in ruwa ya sauka ko ranar kasuwa ta kama, ka samu ashirin ka gode wa Allah.

Gab da tashin man fetur ɗin nan da kowa ya ji a jikinsa, aka saka sunana cikin malaman da za su je bita Kano, ta kwana uku, a kan yadda za a koya wa yara tattalin kuɗi da ajiya. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, ana ba mu shinkafa da cinyar kaza, wata mata mai gilashi tana ta haska mana hotuna a bango. Ta ce talaka ba rashin samu ne kaɗai ke damunsa ba, har da rashin iya riƙewa. Maganar ta shige ni ƙwarai, wataƙila don ta yi daidai da abin da dama nake so in ji game da mutanen ƙauyen da nake wa aiki. Na dawo da ɗan littafi, da alawus, da kai a kumbure. Halina ne, in abu ya shiga kaina ba na jin kira. Matata da ta gaji da jin ina zuba, sai ta ce in fara gwada darasin a kan aljihuna tukuna. Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Ranar Litinin na ja layi na raba allo biyu. Gefe ɗaya na rubuta buƙata, ɗaya gefen na rubuta sha'awa, kamar yadda littafin ya ce. Na bayyana wa yara cewa mai son ya tara kuɗi sai ya rage sha'awa ya tsaya a kan buƙata. Na ce su kawo misali. Nan da nan gefen buƙata ya cika har ƙasa: tuwo, sabulu, takalmi, maganin zazzaɓi, fensir. Gefen sha'awa kuwa babu ko ɗigo. Na yi ta jan su, na ce alawa fa, biskit fa, lemon kwalba fa. Suka yi ta kallona. Can wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, kokon safe a wanne gefen yake? Don mu wata rana ana sha, wata rana ba a sha, kuma ba abin da ya same mu."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Da ina da hankali, a nan ya kamata in rufe littafin in ja kujera in saurare su. Sai na ce koko buƙata ne, muka wuce shafi na gaba.

Da alawus ɗin bitar na sayo asusu na yumɓu wajen masu ginin tukwane, na raba wa kowane yaro ɗaya. Na ce kowa ya faɗi abin da yake tarawa dominsa. Wasu suka ce kayan sallah, wasu takalmi, wani ya ce rago, aka yi masa dariya. Sannan na kafa doka, wadda ma ba ta cikin littafin, daga kaina na ƙirƙiro ta: ba wanda zai fasa asusunsa sai ranar da suka gama aji shida. Hedimasta ya yarda in bi ajin zuwa shekara mai zuwa don in ga ƙarshen aikin.

A can baya kusa da taga akwai wani yaro dogo, ya girmi sauran da kamar shekara biyu, don bai shiga makaranta da wuri ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, mahaifinsa ya tafi ci-rani Kudu, aike sai an manta da shi. Wajen kakarsa yake, su biyu rak a gidan. Ba shi da surutu, amma a lissafi kafin in gama rubuta tambaya ya gama amsa, sai ya zauna yana kallon waje yana jiran mu. Da na zo kansa ya ce keke yake so.

Wannan ba sha'awa ba ce, kowa a ajin ya sani. Sakandare mafi kusa tana bakin kwalta, tafiyar kusan awa biyu a ƙasa daga ƙauyen. Yaran da suka gwada zuwa da ƙafa duk sun bari, wani a zangon farko, wani ya daure zuwa na biyu. Waɗanda suka ɗore 'ya'yan masu keke ne. A ƙauyen nan in yaro ya ce yana son keke, cewa yake yana son ya ci gaba da karatu.

Na tambayo masa farashi a Wudil. Keke na hannu mai lafiya, dubu talatin. Muka zauna bayan an tashi muka yi lissafi. Yana yankan ciyawa yana sayarwa, da damina yana ƙwadago a gonakin mutane. In ya matse, ya hana kansa komai, zai iya haɗa kashi ɗaya cikin uku kafin su gama. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce yana da akuya, ta mahaifiyarsa ce aka bar masa. Ban ko yi dogon tunani ba na ce to ai magana ta ƙare, a sayar da ita a zuba kuɗin a asusu, sauran ya cika da guminsa. Ya ce sai dai in je in gaya wa Iya, kakar tasa, da kaina.

Na je da la'asar. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta fito zaure da tabarma a hannu ta shimfiɗa mini, ita ta zauna a dokin ƙofa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi yaran makaranta ɗaya bayan ɗaya kamar ita ta haife su. Ta ce da fatan mai gidan nata ba wani laifi ya yi ba, haka take tsokanar jikan. Na ce ko kusa, na kawo maganar akuya.

Ta ce, "Malam, mu nan ai a turke muke ajiya. Akuyar nan ciki gare ta. Ka bar ta ta haihu mana. In lokacin makarantar ya zo sai a sayar da 'ya'yan, uwar tana nan."

Na ce, "Iya, bara da damina awaki nawa suka mutu a garin nan?"

"Sun mutu kam."

"Na gidan liman fa, ba kwance su aka yi daga turke ba?"

"An yi haka."

"To kin gani. Kuɗi ba ya zawo, Iya, ba ya mutuwa, ba ya cin dusa. Yadda kika ajiye shi haka za ki same shi."

Har yau ina jin muryata tana faɗin wannan jimla ta ƙarshe, da irin taƙamar da na faɗe ta. Ta ce ita dai tun tana amarya da kaza ɗaya ta fara, kaza ta zama akuya, da awaki ta aurar da 'ya'ya uku, ba ta taɓa ganin takarda ta haihu a cikin tukunya ba. Na yi murmushin nan da mai boko ke yi wa tsoho in yana ganin ya fi shi sani. Ta gani, kuma ta gane.

"Akuyarsa ce," in ji ta. "Uwarsa ta bar masa. In ya ce a sayar, ba ni da ta cewa."

Muka juya gare shi mu biyu. Yana tsaye jikin bango. Bai kalli kakarsa ba, ni ya kalla. Ya ce a sayar.

Ranar Juma'a da hantsi na je na ɗauke su, shi a baya, akuyar a tsakaninmu an ɗaure mata ƙafafu, tana ta kuka har muka hau kwalta. Ja ce mai farin goshi. A kara, inda ake sayar da dabbobi, dillali ya shafa cikinta, ya ɗan matsa, na ga fuskarsa ta sauya ya yi maza ya gyara ta. Ya fara kushe ta, wai ta tsufa, wai haƙoranta sun ci ƙasa. Na tsaya na yi ta ciniki har gumi ya jiƙa mini riga, aka tsaya a dubu goma sha tara, ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Da mai saye ya ja ta, yaron ya bi su da ido har suka shige cikin taro. A zauren Iya, a gabana, ya naɗe takardun ɗaya bayan ɗaya ya tura su ta bakin asusun. Tsohuwar ba ta fito ba.

Ba a yi wata guda ba mai ya tashi. Daga nan komai ya bi shi. Kwanon masara da muke saye ba tare da tunani ba ya zama abin da ake shawara a kansa. Ni da nake cika tankin mashin sau ɗaya a mako, na koma sayen kwalba ɗaya, in kashe inji a gangara. Albashi kafin goma ga wata ya zama labari.

Asusan yara suka fara fashewa. Yau wannan, gobe wancan. Sai yaro ya zo yana sunkuyar da kai ya ce babansa ya ce a fasa. Ni kuma maimakon in tambayi me ya faru a gidan, sai in hau faɗa, in ce ba su da haƙuri, in ce irin wannan hali ne ya hana mu ci gaba. 'Yar nan mai tambayar koko, da ta fasa nata, na tsayar da ita gaban aji na wanke ta tas. Sai daga baya wata malama ta gaya mini garin rogo aka saya da kuɗin, kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Na ji kunya, amma ban kira yarinyar na ba ta haƙuri ba. Ban iya ba da haƙuri ba a lokacin, yanzu ma da ƙyar ne.

Kafin mu shiga aji shida da wata biyu, asusu ɗaya ne ya rage a raye, na dogon yaron nan. Ya zama abin nunawata. Ko wane baƙo ya zo makarantar sai na tashe shi tsaye na ba da labarinsa. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda ni kaina na ɗauka. Da rani ya yi ta ɗaukar harawa a ka zuwa bakin titi. Takalminsa ya tsinke ya ɗaure da waya. In an tashi tara yara suna sayen rogo da ƙuli, shi sai ya zauna a aji wai yana bitar darasi.

Da kaka ta yi, wata rana ya tsaya bayan an tashi. Ya jira har na gama haɗa takarduna.

"Malam, mai gyaran keken bakin titi ya ce keke yana ta tsada. Ya ce in ina da wani abu a hannu gara in saya yanzu, ko da mai rauni ne, a riƙa gyarawa a hankali. Iya kuma ta ce ko 'yar akuya a mayar. Shi ne na ce bari in tambaye ka."

Abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan shi ne na san gaskiya mai gyaran keken ya faɗa. Ba wai ban sani ba ne. Ni da nake zuwa kasuwa duk mako, ina ganin yadda dubu ɗaya take komawa kamar ɗari biyar a hannuna, na san abin da ke faruwa da takardun da ke kwance cikin yumɓun nan. Amma mutanen bitar sun aiko cewa za su zo zagaye wata mai zuwa su ga abin da muka yi. In ya fasa, me zan nuna musu? Tarin fasassun asusu? Na ce masa farashi hawa yake ya sauka, an gama girbi yanzu kaya za su yi sauƙi. Na ce babban darasin ajiya shi ne mutum ya riƙe alkawarin da ya yi wa kansa. Na ce kada ya zama kamar sauran.

Ya ce, "To Malam."

Baƙin suka zo a farar mota. Aka aika ya ɗauko asusun daga gida, ya riƙe shi a ƙirji aka ɗauke mu hoto, ni ina dafe da kafaɗarsa. Matar nan mai gilashi ta ce da za a samu malamai goma irina da an ga canji. Ba su yi awa ɗaya ba suka tafi. Bayan tafiyarsu ma ina da damar in kira shi in ce ya fasa. Ban kira shi ba, don yin haka yana nufin in koma zauren Iya in ce ita ce da gaskiya.

Suka gama aji shida, shi ne na ɗaya. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je gidan. Ya fito da asusun, ya ɗora a tabarma, ya buga masa dutse. Takardu suka baje, wasu sun yi laushi sun ɗauki warin ƙasa. Ya jera su, ya ƙirga sau biyu. Dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu. Ya cika abin da muka sa a gaba har ya ɗora. Ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ran nan. Iya ta leƙo ta ce, "To angona, sai a dawo a ɗauke ni a baya." Ni kuwa na san abin da za mu tarar tun kafin mu hau mashin.

Mai sayar da kekuna a Wudil ya saurare shi, ya dube ni, ya ce, "Malam, ɗanka ne? Talatin ai farashin da ne. Yanzu kowa ya jingine mashin ya dawo wajenmu. Wancan na jikin bango, mai lanƙwasasshiyar ƙafa, saba'in da biyar, kuma wallahi ban ci komai a kai ba." Muka zaga duk masu kekuna, har da masu gyara, ko akwai wani mataccen da za a tasa. Mafi araha da muka samu ba shi da taya ko ɗaya, kuma ya fi ƙarfin abin da ke aljihun yaron.

Hanyar komawa inda na ajiye mashin ta bi ta kara. Da na sani da na zaga. Ya tsaya gaban wata akuya mai girman tasa ya tambayi kuɗinta. Aka ce hamsin. Bai yi ciniki ba. Muka ci gaba da tafiya, sai can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam, da tana nan, da yanzu ta haihu sau biyu ko?"

Na ce ina jin haka.

"Tagwaye take yi."

Muka koma ƙauye. A bakin zaure na ce masa kada ya damu, ƙarshen wata zan cika masa. Da gaske nake a lokacin. Ƙarshen wata ya zo, masara da kuɗin makarantar 'ya'yana uku suka cinye albashin tun kafin ya kwana biyu. Wata na gaba ma haka. Na fara sauya hanya, in zaga ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofar gidansu.

Ya shiga sakandaren da ƙafa. Daga kuɗin keken aka ɗinka masa kayan makaranta, aka sayi takalmi da littattafai. Yana fita da an idar da sallar asuba, duk da haka sai ya tarar an rufe ƙofa, a sa shi cikin 'yan makara yana share fili har darasin farko ya wuce. Ƙarshen damina ne, rafin da ke tsakani in ya kawo sai ya tuɓe ya ɗora kaya a ka ya tsallaka. Duk wannan a bakin yara nake ji, ban je na tambaye shi ba. Ya gama zangon farko. Na ce a raina, to ka gani, yaron nan zai iya ko ba keke.

Wata safiya ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Iya ce, tana dogara sanda, ƙafarta ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma. Ta zauna a gindin darbejiyar makaranta tana mayar da numfashi. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har da tambayar iyali, sannan ta ce:

"Mai gidan nawa ya tafi yashi."

Ta ce tun da aka dawo daga hutu bai koma ba. Ciwon ƙafa ya kwantar da ita, sauran kuɗin ya tafi a magani da awo, babu ko kaza a gidan da za a kama a sayar. Ya bi wasu samari Wudil, suna ɗiban yashi a kogi suna loda wa tifa. A can yake kwana a wani zaure, sai Juma'a yake zuwa ya kawo mata abin da ya samu.

Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu.

"Ban zo in ɗora maka laifi ba, ɗan nan. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na zo ne don ya fi jin maganarka a kan tawa. Ka ce masa ya koma."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na raka ta har gida a mashin, na bi ta ƙofar da na yi wata huɗu ina gudu.

Na same shi a bakin kogi, cikin masu sauke yashi daga kwalekwale. Manya su ke nutso su cika bokiti, irinsu kuma su kwasa a daro su kai tudu, in tifa ta zo a hau loda da shebur. Da ya hango ni ya ajiye daron ya taho da gudu ya durƙusa, duk jikinsa yashi. Na ce ya koma makaranta. Ya ce yana so, amma tafiyar tana cinye yinin duka, ba ya samun lokacin neman ko sisi, ga Iya a kwance. Da akwai keke, in ji shi, da sai ya je ya dawo da wuri ya yi ciyawa da yamma. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce to, kamar yadda ya saba ce mini.

Na shiga adashin malamai. Kwasata ba ta zo ba sai bayan wata takwas, na roƙi a sauya mini da wani, kowa da tasa matsalar. Da kwasar ta zo, matata ta san ɗakinmu na zuba, ta san da kuɗin nan muka yi niyyar gyara rufi, amma duk da haka ta ce "je ka saya masa". Keken ya ƙara tsada a kan yadda muka bar shi. Na saya, baƙi, mai sabuwar taya a baya. Na je wajen shugaban sakandaren na yi bayani, ya ce ba komai, yaron ya zo ranar Litinin, amma aji ɗaya zai sake tunda shekara ta wuce.

Na tura keken har bakin kogi. Da ƙyar na gane shi. Kafaɗunsa sun buɗe, muryarsa ta fashe, idanunsa sun yi ja saboda ruwa. Ya riƙe kan keken da hannu biyu, ya danna birki, ya saki, ya sake dannawa. Abokan aikinsa suka taru suna taya shi murna. Ya yi ta godiya har na ji nauyi. Na gaya masa maganar Litinin. Ya ce, "In Allah ya yarda, Malam."

Ranar Litinin na nemi izini wajen hedimasta, na je na tsaya a ƙofar sakandaren tun kafin bakwai, da sabon littafin rubutu da biro a leda. Yara suna ta shiga. Can na hango shi ya fito daga burji ya hau kwalta, yana tuƙi a tsanake kamar wanda ya shekara da keke. Zuciyata ta yi fari. Sai da ya matso na ga ba kayan makaranta ne a jikinsa ba, kuma ga shebur ɗaure a jikin keken.

Ya tsaya, ya sauka, ya gaishe ni.

"Malam, ka yi haƙuri. Na yi ta tunani tun ran nan. In na zauna a aji, wa zai kai wa Iya awo? Yanzu ni ne gidan. Kuma waɗanda zan zauna da su duk ƙannena ne, karatun ma ya zube mini."

Na ce za mu san yadda za a yi, na ce zan riƙa taimakawa. Ya riga ya san ƙarshen watana.

Sai na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a kara. Na ce, "Ni na cuce ka. Iya ce da gaskiya. Ranar da ka zo ka tambaye ni ko ka fasa, na san ya kamata ka fasa, na hana ka don baƙi za su zo."

Ya dube ni kamar bai ji daɗin ganin babba yana irin wannan magana a bakin titi ba.

"Haba Malam, ai kai alheri ka nufa. Kuma wallahi keken nan ya yi mini rana. Da sai Juma'a nake ganin Iya, yanzu kullum a gida nake kwana, kuma ina riga kowa isa kogi. Allah ya saka da alheri."

Aka kaɗa ƙararrawa a ciki. Ya juya ya kalli ƙofar, yaran da suka makara suna ta gudu suna tsallaka titi da jakunkuna a baya. Ya riƙe keken ya jira har na ƙarshensu ya wuce, sannan ya hau ya miƙe hanyar Wudil. Baƙin cikin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba, ko a rasuwar mahaifina, don wancan ba ni da hannu a ciki.

Ina nan tsaye da leda a hannu har mai gadi ya tambaye ni ko shiga zan yi, don zai rufe ƙofa.